Ciwo Na Da Magani, Ba Sai Da Tramol Ba: Kira Ga Jama'ar Onklou, Djougou Da Parakou

 Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Mutanen Onklou, mutanen Zangon Djougou, mutanen Zangon Parakou, ku ba ni aron kunnuwanku.

Jikinmu na ciwo, kowa ya sani. Manomin da ya wuni a sunkuye yana tada kunyar doya, ƙugunsa na ciwo. Uwar da ta yi sammakon tsintar kaɗanya, ta dawo ta ɗebo ruwa, ta hau dakan sakwara, kafaɗarta na ciwo. Ɗan dakon da ke sauke buhunan kashu da masara a kasuwar Arzèkè, bayansa na ciwo. Ɗan kabu-kabun da ke kan babur tun asuba har bayan isha, wuyansa na ciwo. Tsohon da ba ya iya durƙusawa a salla, gwiwarsa na ciwo. Ba ragwanci ba ne. Ba son jiki ba ne. Ciwo ne na gaske, kuma mai shi yana da haƙƙin samun sauƙi.

To amma wa ya ce mana sauƙin nan ba ya samuwa sai a cikin tramol? Wa ya yanke mana wannan hukunci? Mai tallar magani a faranti? Mai shayin da ke narka ƙwaya a cikin kofi? Abokin da ya ce "haɗiye wannan, yau ba gajiya"? Babu likita ko ɗaya a cikinsu.

Ku san abin da kuke haɗiya. Tramol ɗan gidan su mofin ne da kodin. Wani kamfanin Jamus, Grünenthal, shi ya fito da shi kasuwa a 1977, domin ciwo mai tsanani da likita ke sa wa ido. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce ko 100, kuma ko mai jinya ba a so ya wuce 400 a rana. Wadda ake sayar wa 'ya'yanmu a tasha fa? Miligiram 120, 200, 225, har 250. Ƙwaya biyu kacal masu 225 ko 250, an tsallake iyaka. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai numfashi ya yi ƙasa, sai a faɗo daga kan babur da fasinja a baya.

Tramol bashi ne da ruwa. Yau ya ranta maka ƙarfi, gobe ya zo karɓar ninki. Jiki yana sabawa da shi. Ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da ba ka sha ba, sai zufa, sai hamma, sai gudawa, sai gaɓɓai su hau ciwon da ya fi na farko. Sai ka ɗauka tsohon ciwonka ne ya dawo, alhali jikin ne ke kukan ƙwaya. Ciwon bayan kuwa yana nan inda yake. Ba a taɓa shi ba, an dai rufe masa baki.

Ba mu kaɗai abin ya ci ba. A Najeriya, binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar gwamnatinsu ta hana maganin tari mai kodin. A Amurka, ƙasar manyan asibitoci, sama da mutum 80,000 suka mutu a 2021 kaɗai saboda ƙwayoyin wannan gida. Yanzu ga wata sabuwa ta shigo yankinmu, haɗin tapentadol da carisoprodol, mai suna Tafrodol da wasu sunaye. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya tona yadda ake yin ta a Indiya domin kasuwannin Afirka ta Yamma, har hukumomin Indiya suka hana haɗa ta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ma ya fara hayaƙi.

Yanzu ku saurari albishir. Ciwon da ya wuce wata uku, shi likitoci ke kira ciwo mai daɗewa. Kuma an gwada, an gani. A birnin Minneapolis na Amurka, likita Erin Krebs da abokan aikinta sun ɗauki majinyata 240 masu ciwon baya ko ciwon gwiwa da ƙugu. Rabi aka ba su magungunan gidan mofin. Rabi aka fara musu da waɗanda ba sa bugarwa. Aka bi su shekara guda cur, aka fitar da sakamako a 2018. Masu shan gidan mofin ba su fi sauran iya aiki da tafiya ba. Ciwon ma ya ɗan fi sauka a wajen waɗanda ba su sha ba. Illa kuwa ta fi yawa a wajen masu sha. A Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar kula da ciwon baya mai daɗewa, ta ce kada a riƙa ba da magungunan gidan mofin a kansa.

Kun ji ko? Ƙwayar da ke cinye kuɗinmu da hankalin 'ya'yanmu, ba ta ma fi sauran aiki ba.

To me za mu sha? Kafin ku tambayi sunan magani, ku tambayi sunan ciwo. Ciwo iri-iri ne, maganinsa iri-iri. Na gaɓa daban, na jijiya daban, na ɓarin kai daban. Ku je a duba ku. A Onklou, ku fara da asibitin da ke kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu, ga asibitin Ordre de Malte da babban asibitin Donga a Djougou. Ga asibitin koyarwa na Borgou a Parakou. Ku zauna gaban likita. Ku nuna masa wurin da yatsa. Ku faɗi yaushe ya fara. Ku faɗi yadda yake yi: suka ne, zugi ne, ƙuna ne, ko kamar ana tsira allura? Ku faɗi duk abin da kuke sha, har jiƙo da dauri, har tramol ɗin. Kada ku ɓoye. Likita ba alƙali ba ne.

Ga magungunan da likita zai iya ba ku. Na farko, farasitamol. Kada ku raina shi don yana da araha. Ga ciwon jiki mai sauƙi da ciwon kai, yana aiki, ba ya bugarwa, ba ya kama mutum. Babba ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, ya bar awa 6 tsakani. Kada ya wuce ƙwaya shida a rana sai da izinin likita, kuma ko da izini ba a wuce takwas. Wuce haka yana kashe hanta. Mai ciwon hanta da mai shan giya, su tambaya kafin su sha. Ku duba kwalin maganin mura, sau da yawa akwai farasitamol a ciki, kada ku ninka ba ku sani ba. A ciwon baya mai daɗewa ƙarfinsa kaɗan ne. In bai yi ba, ku koma wurin likita, kada ku ƙara yawan ƙwaya.

Na biyu, magungunan kumburi: ibuprofen, diclofenac, naproxen. Su ne na ciwon gwiwa, ciwon ƙugu, ciwon baya da ciwon mara. Suna rage kumburin da ke haddasa ciwon. Amma suna da sharuɗɗa, ku riƙe su da kyau. Kada a sha da yunwa. Kada a haɗa biyu daga cikinsu lokaci guda. A sha mafi ƙarancin da zai isa, na 'yan kwanaki, a huta. Mai gyambon ciki ya nisance su. Mai ciwon ƙoda ya nisance su. Mai ciwon zuciya ko hawan jini da dattijo, sai likita ya amince. Mace mai ciki ta tambaya tun farko, daga wata na shida kuwa kada ta kusance su ko kaɗan. Manomi da ɗan dako, ku ji wannan: shan su cikin zafin rana, jiki ba ruwa, yana wahalar da ƙoda. Ku sha ruwa sosai. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko ana aman jini, ku daina nan take ku nufi asibiti. Wanda dole sai ya daɗe yana sha, likita na iya haɗa masa da omeprazole don kare ciki.

Na uku, na shafawa. Iyayenmu masu ciwon gwiwa da yatsu, wannan naku ne. Man diclofenac na shafawa yana shiga wurin ciwon, kaɗan ne ke kaiwa cikin jini, don haka ya fi sauƙi ga ciki da ƙoda. Akwai kuma man capsaicin, wanda ake yi da sinadarin barkono. Yana zafi a kwanakin farko, daga baya ya kwantar da ciwon. Ku wanke hannu bayan shafawa, kada ya kai ido. Kada kuma wani ya daka barkono ya manna wa gwiwa. Na farmasi aunanne ne.

Na huɗu, maganin ciwon jijiya. Akwai ciwon da ke ƙuna a tafin ƙafa da dare. Akwai mai kama da tafiyar kiyashi. Akwai mai fizga kamar wutar lantarki. Masu ciwon suga sun san shi. Wannan ciwo ba ya jin farasitamol, ba ya jin ibuprofen. Maganinsa daban ne. Akwai amitriptyline, ɗan kaɗan da dare, tsohon magani mai araha da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai duloxetine. Ga ciwon fuska mai fizga akwai carbamazepine. Waɗannan ba sa aiki rana ɗaya. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Ku yi haƙuri da su. Amitriptyline na sa barci da bushewar baki, ɗan kabu-kabu ya gaya wa likita sana'arsa. Kada a haɗa shi da tramol, haɗin na jawo jijjiga. Akwai kuma gabapentin da pregabalin. Suna taimakon ciwon jijiya, amma su ma suna iya kama mutum, kuma haɗa su da tramol na iya tsayar da numfashi. Ba a sayen su a tasha. Sai da takardar likita.

Na biyar, kuma mafi girma: a kashe ciwon daga tushe. Babban yatsan ƙafa da ke kumbura ya yi ja saboda gishirin da ke taruwa a gaɓa, akwai allopurinol da ke hana shi dawowa. Amosanin gaɓɓai mai sandarar da yatsu da safe, akwai methotrexate a hannun ƙwararru. 'Ya'yanmu masu sikila, akwai hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon. Ciwon ɓarin kai mai yawan dawowa, akwai magungunan rigakafinsa kamar propranolol. Ruɓaɓɓen haƙori, a cike shi ko a cire. Gwiwar da ta kumbura, likita na iya yi mata allura a cikin gaɓa. Wani ciwon bayan ma tarin fuka ne ya shiga ƙashi, kuma yana warkewa in an kama shi da wuri. Shekara nawa mutum zai yi yana rufe bakin irin wannan ciwo da tramol, cuta na cin sa a ɓoye?

Ku kula da waɗannan alamu. Ciwon baya tare da rama. Ciwon baya tare da zazzaɓi da zufar dare. Ƙafa na mutuwa. Fitsari ko bayan gida na kuɓucewa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, kada ya kwana. Asibiti, yau.

Ku guji "haɗi". Ƙwayoyin nan kala-kala da ake ƙulle muku a leda, ba suna, ba kwali, ba ranar lalacewa. Sau da yawa akwai dexamethasone a ciki. Za ka ji daɗin jikinka kwana biyu. Daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. A nan ƙasar, a Kwatano, aka yi shelar yaƙi da jabun magunguna a Oktobar 2009. A Fabrairun 2017 hukuma ta dirar wa ɓangaren Adjégounlè a kasuwar Dantokpa, ta kwashe sama da tan 80 na magunguna. Hukuma ta yi nata. Amma muddin muna miƙa kuɗi, mai faranti zai dawo. Ku sayi magani a farmasi ko a asibiti. Ku nemi mai sunan asali, ba sai mai kwalin ƙawa ba. Aikinsu ɗaya, kuɗinsa ya fi sauƙi.

Ƙwaya kaɗai ba ta gama aiki. Jiki ma yana da nasa rabon. Kwanciya wuni guda ba ta warkar da baya, sandarar da shi take yi. Ku motsa. Ku taka da ƙafa kowace rana, gwargwadon hali. Ku nemi likitan gashin ƙashi ya koya muku atisayen da ya dace da ciwonku, ku riƙa yi a gida, kyauta. Ku gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. A yi tausa a hankali. Mai ƙiba ya rage, gwiwa za ta gode masa. Ɗan dako, durƙusa da gwiwa in za ka ɗaga buhu, ka jawo shi kusa da jikinka. Manomi, miƙe ka huta tsakanin kunya da kunya. Ɗan kabu-kabu, sauka ka miƙe baya kafin fasinja na gaba. Ku yi barci isasshe. Damuwa da rashin barci suna hura wutar ciwo, don haka ku faɗa wa likita in zuciya ba ta da daɗi.

Kai ɗan'uwana da tramol ya riga ya kama, da kai nake. Ba mu yar da kai ba. Kai namu ne. Da ciwo ka fara, ko da neman ƙarfin aikin da za ka ciyar da iyali. Kada ka yanke shi rana ɗaya, jiki zai wahala, kuma wahalar ce ke mai da mutane baya. Je asibiti. Faɗi gaskiyar yawan da kake sha. Za a riƙa rage maka kaɗan-kaɗan, ana ba ka abin da zai sauƙaƙa maka, ana kula da ciwon asali. Nemi mutum ɗaya da ka amince da shi ya raka ka. Wasu sun fita. Kai ma za ka fita, da yardar Allah.

In kuka ga wanda ya sha ya faɗi yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi ƙasa ba ya farkawa, ku kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa. Kada ku cusa masa cokali a baki. Kada ku ɗura masa madara ko ruwa. Ku ɗauke shi zuwa asibiti, ku tafi da kwalin abin da ya sha.

A yi adalci kuma. Mofin da 'yan'uwansa suna da ranarsu. Mai ciwon daji da ke kuka cikin dare, wanda aka yi wa tiyata, wanda ya karye, mai sikila da ciwo ya tasar wa da ƙarfi, waɗannan suna da haƙƙi a kansu, a hannun likita. Kada tsoro ya sa mu hana majinyacinmu abin da aka rubuta masa. Faɗanmu da ƙwayar tasha ne, da kuma mai da ita abincin kullum.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ga aikinsa.

Malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Ku hau mumbari da wannan magana ranar Juma'a. Ku tuna wa jama'a cewa jiki amana ne, neman magani kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Sarakunan Zango da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Kakanninmu sun bi ta Djougou da ayarin goro daga Gwanja zuwa Kano, suka kafa zango bisa amana. Ku tsare mana wannan amana. Ku tara jama'a, ku gayyato ma'aikatan lafiya su yi bayani da Hausa da Dendi da Yom da Bariba da Fulatanci.

Iyaye mata, ku ne likitocin farko a gida. Ku buɗe kwandon magani yau. Abin da ba shi da suna, ku mai da shi farmasi ko asibiti a lalata, kada yara su tsinta. Ɗanki ya rame, ba ya cin abinci, ya zama mai saurin fushi? Jawo shi jiki, ki tambaye shi da taushin murya.

Masu gonaki da iyayen gidan 'yan dako, ku ji tsoron Allah. Kada ku saya wa yaran mutane ƙwaya don su gama muku aikin kwana biyu a rana ɗaya. Ku ba su abinci, ku ba su ruwa, ku ba su hutu.

Shugabannin 'yan kabu-kabu da na tasha, ku kafa doka a tsakaninku. Wanda ya sha, ba zai ɗauki fasinja ba. Wanda ke son bari, ku tara masa kuɗin ganin likita.

Masu shayi, ku bar kofi ya zama kofi. Masu sayarwa a ɓoye, ku sake sana'a tun kafin jami'an OCERTID masu yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi su ƙwanƙwasa ƙofa, tun kafin ƙwayar ta shiga gidajenku.

Likitoci da ma'aikatan farmasi, mun gode da ƙoƙarinku. Ku saurari mai ciwo har ya gama. Ku yi masa bayani da harshen da yake ji. Wanda bai samu kunne a asibiti ba, tasha zai nufa.

Mu kuma sauran jama'a, kada mu jira gobe. Mai ciwon da ya wuce wata uku, ya je a duba shi a wannan makon. Ya tambayi likita: mene ne sunan ciwona? Akwai maganin da ba ya bugarwa? Kwana nawa zan sha? Me zan yi da jikina a gida? Mai tsoho a ɗaki, ya ɗauke shi ya kai. Mai aboki a cikin ƙwaya, ya kama hannunsa. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa, a shago, a tsakar gida.

Ku tashi, mutanen Onklou. Ku tashi, mutanen Djougou. Ku tashi, mutanen Parakou. Ku nemi magani a inda magani yake, ku rufe wa mai faranti ƙofa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana zuri'a. Amin.